Dan Allah a ba ni shawara, zan shiga gasar rubutun labari a makarantarmu

YarAuta_SS2:

Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah taimako nake nema wajen wadanda suka san harkar rubutu. Ni daliba ce ina SS2 a wata makarantar yan mata ta jeka ka dawo anan Kano, to ranar litinin a asambili aka sanar za'ayi gasar rubuta gajeren labari daga yan SS1 har SS3, kowa yayi da yaren da yake so Hausa ko turanci, kar ya wuce kalma 1000, da hannu za'a rubuta a fulskaf a kai wa malamar Hausa ko ta turanci nan da sati uku. Taken da suka bayar shine "Abin da ya faru a unguwarmu". Wadda tazo na daya za'a bata jaka da littattafai da satifiket kuma ita zata karanta labarinta ranar raba kyaututtuka a gaban iyaye, wlh wannan din ne ma yafi tsaya min a rai dan Abbanmu baya fashin zuwa.

Ni dama ina dan rubuce rubucena a bayan littafin lissafi kuma ina karanta nobel din Hausa sosai a wayar Antina, so ina dawowa gida na fara. Labarin wata yarinya ce mai tallan awara, sai dan gidan wani Alhaji da ya dawo daga karatu a Landan ya bige ta da mota ya kaita asibiti, daga nan soyayya ta shiga amma Hajiyarsa tace bata san zance ba. Matsalar jiya na zauna na kirga na samu kalma 3400 kuma ko baiko ba'a yi ba balle biki 😭

Tambayata, ya zanyi in rage shi? Sannan kawayena sunce in maida shi turanci wai anfi ganin girman na turanci, na Hausa kowa ma zai iya. Shi kuma yayana cewa yayi in daina wahalar da kaina in kawo ya sa ChatGPT ya rubuta min cikin minti biyu ba wanda zai gane. Kaina ya daure wlh. Ngd.

Dan_Fagge:

Hhhh kai jama'a, wannan ɗan Alhajin har yanzu bai gama bige masu talla ba? Tun muna firamare yake dawowa daga Landan yana bige su, ya kamata dai a ƙwace lasinsa haka nan. Wasa nake ƙanwata, Allah ya ba da sa'a, bari masana su zo.

Malam_MaiRitaya:

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekaru ina koyar da Hausa a sakandare kafin in aje alli, kuma irin wannan gasa an sha ajiye mani tulin takardu a ce Malam duba ka fitar mana da uku. To bari in gaya miki abin da ke faruwa a ɗakin malamai bayan kun miƙa takardunku kun tafi gida.

Kafin a karanta ko layi ɗaya sai an yi tankaɗe. Wadda ta wuce adadin kalmomi gefe, wadda ta bar take ta kama wani abu daban gefe, wadda ba a iya karanta rubutun hannunta gefe. Ba mugunta ba ce, mutum biyu ne ko uku da takarda sittin ko fiye, ga darasi ga makin jarrabawa yana jiransu. Naki a yadda yake yanzu ya faɗi sau biyu tun ba a kai ga daɗinsa ba, ya ninka ƙa'ida sau uku da ɗoriya, sannan an ce unguwarku ke kuma kin tafi Landan.

Ban ce ki yi ta fama da rage shi ba, don ba zai ragu ba. Wannan zubin littafi kika ɗauko, mai asibiti da suruka da baiko da biki, in kika matse shi a kalma 1000 zai koma kamar wanda ake ba labarin fim a tsaye a bakin titi, sai ya yi kaza sai ta yi kaza sai suka yi aure. Ki adana shi, kar ki yaga, wata rana za ki so ganinsa. Amma na gasa ki sake sabo.

Gajeren labari abu ɗaya yake ɗauka. Rana ɗaya, ko ma wuni ɗaya, mutum biyu ko uku, da matsala guda wadda ta hana wani sukuni. Akwai shekarar da na duba wata gasa, rantsuwa ba kaffara fiye da rabin labaran ko dai haɗarin mota ne, ko kishiyar uwa ta zuba guba a abinci, ko a ƙarshe a ce firgigit sai na farka ashe mafarki nake. Wadda muka ba ta ɗaya kuwa labarin me ta rubuta? Akuyar kakarta ce ta ɓata ana saura kwana biyu a sayar da ita a biya mata kuɗin jarrabawa. Shi ke nan fa. Amma yarinyar nan ta sa mun ga tsohuwar tana bin lungu lungu da guntun igiya a hannu, takalminta ɗaya silifa ɗaya na roba don ruɗewa, tana kiran akuya da sunan da ta raɗa mata, yara na binta suna dariya. Abokin aikina yana karantawa ya cire tabarau ya ce wannan kakata ce. Ba wanda zai iya ƙirƙiro takalmi wari da wari in ba ya taɓa gani da idonsa ba, ire-iren wannan muke nema mu kuwa.

Sai maganar ƙa'idojin rubutu, kuma ki yi haƙuri zan yi misali da saƙonki. Kin rubuta "za'ayi", "tazo", "bata", "yayi". A waya ba laifi, kowa haka yake yi. A takardar gasa kuwa "za a yi" ne, "ta zo", "ya yi". Ita "bata" ɗin nan ma sai mai karatu ya tsaya ya yi canke, ba ta kike nufi ko ɓata? Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa. Tunda da hannu za ki rubuta ba ki da uzuri, ki lanƙwasa ƙ da ɗ da ɓ yadda za a gan su. Mukan ware maki na musamman a kan wannan, kuma sau da yawa shi ke raba ta ɗaya da ta biyu in labaran sun yi kunnen doki.

Batun yayanki zan bar wa wasu, ni dai in na ga takardar 'yar SS2 ba kuskure ko ɗaya kuma ba ƙamshin gidansu a ciki, kiranta nake yi in ce ta ba ni labarin da baki.

Bash_Kurna:

Tunda Malam ya taɓo wannan bari in tona wa kaina asiri ko wani zai amfana. Lokacin muna SS3 aka yi irin wannan a makarantarmu, a lokacin ba wani ChatGPT, wani yayan abokina ne da ke jami'a na saya wa katin waya ya rubuta min da turanci, ni dai kwafa kawai na yi da hannuna ko karantawa ban tsaya yi da kyau ba. Aka kafe suna na fito cikin biyar na farko, ina ta hura hanci ina taku ɗai-ɗai. Ashe wai akwai zagaye na biyu, ba su faɗa ba tun farko. Aka tara mu biyar ɗin a laburare, malamin turanci da mataimakin firinsifal suna zaune, aka ce kowa ya tashi ya yi bayanin labarinsa. Da aka zo kaina malamin ya sa biro a ƙarƙashin wata kalma a shafin farko ya ce Bashir mene ne ma'anar wannan. Wallahi ko furta ta ban iya ba. Ya sake nuna wata. Sai ya ce to bar turancin, gaya min da Hausa me ya sa tauraron naka ya bar gida. Na tsaya ina kallon fanka gumi yana bin bayana.

Ba su doke ni ba, ba su ma faɗa a asambili ba, amma yaran nan huɗu da ke wurin ai sun isa gidan rediyo. Har muka gama makaranta sunana Marubuci, yanzu haka in na haɗu da 'yan ajinmu a ɗaurin aure sai wani ya ƙwala min Marubuciii daga nesa, ga ni da 'ya'ya biyu. Ke da za ki tsaya ki karanta a gaban Abbanku, ki yi tunani dai.

Maman_Iman_Marubuciya:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, kalma 3400 a SS2 ba wasa ba, ni a shekarunki wasiƙa ma da kyar nake cika shafi. Ina rubuta littattafai a WhatsApp da Wattpad shekara kusan bakwai kenan so na san irin abin da kike karantawa, wataƙila ma har nawa kin karanta lol.

Na yarda da Malam a kusan komai amma ina so in ɗan ja da masu dariyar soyayya, don kar yarinya ta tafi da tunanin cewa rubuta soyayya shirme ne. Littafin Hajiya Hafsat Abdulwaheed, So Aljannar Duniya, wanda ake lissafawa a matsayin na farko da mace ta wallafa a ƙagaggun labaran Hausa, ai soyayya ce, kuma ta hanyar gasar kamfanin NNPC na Zariya ya fito a 1980, NNPC na ɗab'i fa ba na man fetur ba. Matsalar naki ba soyayyar ba ce, aro ne. Ba ki taɓa shiga gidan irin wannan Alhajin ba, ba ki san me suke ci da safe ba, duk abin da za ki faɗa a kansu daga littafin wata kika ji, ita ma daga na wata ta ji. Mu ma muna yi ba wai ba ma yi ba, masu karatu ke so, in ba ka sa mota da gwal ba sai a bar maka group ɗinka fayau. Amma gasa daban kasuwa daban.

Ga yadda nake yi in zan rubuta gajere. Ina fara rubutawa ne yadda ya zo min ban damu da ƙirga ba, sai in ajiye shi kwana biyu ban kalla ba. In na dawo abu na farko da nake yankewa shi ne shafin farko kusan gaba ɗaya, don mu Hausawa mun iya shimfiɗa, sai mun faɗi asalin yarinya da sunan kakanta da yadda hancinta yake har baka da gashi har gadon baya kafin komai ya faru. Ki fara daga inda rikici ya fara. Sai gaisuwa, ina kwana lafiya lau ya gida ya yara ya aiki, wannan kaɗai sai ya cinye miki kalma hamsin ba a ce komai ba. Sai kuma wa'azin ƙarshe, jan hankali ga iyaye da gwamnati, cire shi, in labarin ya yi aikinsa mai karatu ya riga ya ji a jikinsa.

Kuma ki karanta shi da ƙarfi, ki samu ƙanwarki ko Umma tana tsintar shinkafa ki karanta mata. Duk inda kika ga hankalinta ya koma kan tire to wurin nan akwai gyara. Ƙirga kuma ba sai kin bi ɗaya bayan ɗaya kullum ba, ƙirga layi goma ki ga kalma nawa kike sawa a layi sai ki lissafa, yawanci 1000 ba ya wuce shafi huɗu na fulskaf sai dai in hannunki manya ne. Ki tsaya a 950 haka don kar a ce kin gota.

In kin riƙe abin, gaba akwai Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, ta mata ce zalla, ita kuma kalma 1000 zuwa 1500 ce, sai dai sai kin cika 18. Kin ga wannan ta makarantar kamar share fage ce.

Engr_Sadiq:

Ni fa ina ganin ƙawayenta suna da gaskiya ta wani ɓangaren, a daina ɓoye wa yara. In ta saba da rubutun turanci ƙofofi sun fi yawa. Akwai gasar Commonwealth ta 'yan makaranta da ake yi tun 1883, duk ɗan ƙasashen rainon Ingila da bai wuce 18 ba zai iya shiga ta intanet, akwai ta gidauniyar bankin UBA ta 'yan babbar sakandare da ake ba da tallafin karatun jami'a, duk da turanci ake yi. Ga WAEC a gabanta, dole ta rubuta insha'i da turanci ko tana so ko ba ta so. Yaranmu na arewa a nan ake barinsu a baya, ba don ba su da basira ba sai don tsoron turancin. Ni shawarata ta daure ta yi da turanci ko ba ta ci ba ta koyi wani abu.

Malam_MaiRitaya:

Injiniya ban ƙi taka ba, ta koyi turanci ta shiga waɗancan ma, Allah ya ba ta. Amma maganar ƙawayenta cewa na Hausa kowa zai iya, wannan ce ban yarda da ita ba, na duba takardun da suka ishe ni in san ba kowa ne ya iya ba. Jin Hausa daban rubuta ta daban. Kuma rubutun zube na Hausar boko da muke taƙama da shi ai da gasa ya tashi. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya ƙarƙashin wani Bature Rupert East ta nemi a rubuto ƙagaggun labarai, daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, yana malamin Midil ta Katsina yana ɗan shekara 22 kacal, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya zo ya zama Firayim Minista. Waɗannan mutane sun ji turanci fiye da ni da kai, shi Tafawa Ɓalewa ma har ana ce masa mai muryar zinare saboda iya turancinsa, amma da suka tashi ba da labari da Hausa suka bayar.

Ma'aunin mai sauƙi ne 'yata. Mutanen da za ki sa a labarin, da wane harshe suke faɗa in ransu ya ɓaci? In za ki iya kawo masifar tsohuwar unguwarku da turanci ta fito da zafinta, bismilla. In kuwa sai kin yi tunani da Hausa kina juyawa kina neman kalma a ƙamus, to sati uku ba zai ishe ki ba.

YarAuta_SS2:

Na gode sosai wallahi, Malam Allah ya ƙara girma, Anti Maman Iman na gode, Yaya Bash ka ba ni dariya ka kuma ba ni tsoro, na nuna wa yayana ya ce shi dama wasa yake 🙄 Kun ga har na sa kibod ɗin Hausa a wayar Anti ina ta neman ƙ da ɗ.

Da Hausa zan yi. Yaya Injiniya in sha Allah zan gwada ta Commonwealth ɗin in an buɗe, zan tambayi malamar turancinmu.

Jiya da daddare na kasa barci ina ta tunanin me ya taɓa faruwa a unguwarmu, da farko na ce ai ba abin da ke faruwa sai faɗan layin famfo, can sai na tuna wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Akwai wata tsohuwa da ke suyar ƙosai a bakin lungunmu da safe, wata ranar Asabar ina JS2 an aike ni sayowa ina tsaye da kwano, yara suna ƙwallo sai ƙwallon ta zo ta daki kaskon, man ya kife a wuta ya tashi, ƙullun ma ya zube rabi, Allah ya tsare bai zuba a ƙafarta ba. Yaran suka watse sai wani almajiri da ke zaune yana jiran ta ba shi guntattakin da ke ƙasan mai shi kaɗai ya rage, mutane suka fito aka kama shi wai shi ne, wani mai shago ya zabga masa mari biyu yana rantsuwa yana kuka. Ni kuma na ga wanda ya buga ƙwallon da idona, ƙanina ne. Na yi shiru na koma gida na ce ƙosai ya ƙare. Har yau in na ga tsohuwar sai gabana ya faɗi, almajirin kuma ban sake ganinsa ba tun daga damunar nan.

Wannan zai yi? Tsorona kar in ci a ce in karanta a gaban Abba, ƙanin nawa ma yana zuwa ranar. Kuma ban san yadda zan ƙare shi ba tunda a gaskiya ba abin da ya faru bayan nan, ban tona ba ban kuma nemi yafiya ba.

Maman_Iman_Marubuciya:

Ƙanwata tsigar jikina ta tashi wallahi. Shi ne wannan, kar ki sake neman wani. Ƙagaggen labari aka ce ba rahoto ba, ki canza sunaye, ki mai da ƙosan waina ko ki mai da ƙanin ɗan maƙota in kina tsoro, amma ni da za ki ji tawa ki bar shi ƙani don nan ciwon yake. Kuma kar ki ƙirƙiro cewa almajirin ya girma ya zama gwamna ya dawo ya yafe miki, na san hannunki zai yi ta ƙaiƙayi 😂 Ki fara da kwanon a hannunki, ki ƙare da ke kina cewa Umma ƙosai ya ƙare.

Malam_MaiRitaya:

Kar ki manta da guntattakin da yake jira, ki sa shi tun a farko kafin ƙwallo ta zo. Sannan gyara ɗaya, kin rubuta "damunar nan", a takarda "daminar nan" ko "damunar" duk ana gani amma ki riƙe guda kar ki riƙa sauyawa. Ki rubuta na farko a takardar banza, sai kin gama gyara ki kwafe a fulskaf da biro mai kyau, ki bar gefe. Ranar yaushe ne ma rufewa?

YarAuta_SS2:

Juma'a ta sama ta sama Malam. Na fara tun ɗazu ina kalma 212, an ɗauke wuta amma Anti ta ara min fitilar wayarta zuwa ƙarfe goma.

Dan_Fagge:

To ɗan Alhaji dai ya huta wannan karon, a kai motar gareji. In kin gama ki liƙo mana mu karanta, kuma a gai da ƙanin naki, a ce masa muna nan zuwa ranar raba kyauta mu ga fuskarsa.